Ciwon da Ba Ya Fita a Hoto

Mu biyu muka faɗi a kan mashin ɗaya, ni da ƙanena, amma in ka tambayi mutanen unguwarmu a Bakura za su ce maka shi kaɗai ya yi hatsari, ni rakiya na yi. Shi ya karye a ƙafa. Ni kuwa kaina ne ya bugu da ƙasa, babu jini, babu kumburin kirki, ko hulata ba ta yage ba. Na yi shekara guda cur ina kishin karayar nan tasa, kuma ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da na yi fatan a ce ƙafata ce. Abu ɗaya nake nema a lokacin, a yarda ba ni da lafiya, musamman Inna ta yarda.

Ni tela ne. Shagona yana Talata Mafara, in tafi da safe in dawo Bakura da yamma. Abin da aka san ni da shi a layin teloli shi ne ba na rubuta awo. In na ɗora tef a jikin mutum sau ɗaya, shi ke nan ya zauna a kaina: kafaɗa, hannu, wuya, tsawon riga, ƙugu, tsawon wando. Mutum zai aiko da shaddarsa daga Damri ko Maradun a hannun direba, a ce mini ta wane ce, in yanka ban gan shi ba, ta kuma zauna masa daidai. Ina ji da wannan abu ƙwarai. Maƙwabcin shagona yana rubuta nasa awon a jikin bango da alli, ni kuwa kullum sai na tsokane shi, in ce yaushe za a ba shi sakamakon jarabawa.

Ranar da abin ya faru ta'aziyya za mu Maradun, wani kawun Inna ne ya rasu. Ƙanena ke tuƙi, shi ne autanmu, yana kuma sauri don mu dawo kafin la'asar, tunda kowa ya san hanyar ba ta yamma ba ce yanzu. An ce rago ne ya yanko mana hanya. An ce, domin ni ban gan shi ba. Abin da na tuna na ƙarshe shi ne shinkafa kore shar a gefen titi. Abin da na tuna na gaba kuma, ga ni tsaye a barandar wani asibiti a Mafara, riƙe da takalmin ƙanena ƙafa ɗaya, ban san wanda ya ba ni shi ba.

Wani ma'aikaci ya zo wucewa da auduga a hannu, ya tsaya ya dube ni.

"Malam, kai hwa? Ka suma?"

"A'a," na ce. "Lahiyata lau. Ku duba yaron."

Ya haska mini fitilar wayarsa a ido, ya ce in sha maganin ciwon kai in na je gida, ya wuce. Ban ga laifinsa ba, layi ne har bakin ƙofa, ga kuma ƙanena yana ihu a ciki. Ni ma ba ƙarya na yi da gangan ba. Ban tuna na suma ba, kuma ko da na tuna, wane babban wa ne zai tsaya yana lissafa ciwon kansa alhali ƙashin ƙanensa ya rabu biyu? An ga dai ina tsaye da ƙafafuna, ina magana, har ina gaisawa da mutane.

Can sai ga Inna ta iso da mayafinta a karkace. Dole in yi bayani a nan. Ni ne ɗan fari, Inna kuwa irin matan da ne masu riƙe alkunya da gaske. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, a ɗakin kakata na tashi. In za ta ambace ni sai ta ce wancan, in za ta ba ni saƙo sai ta faɗa wa wani ina zaune ina ji. Na girma a haka, ban taɓa jin abin ya dame ni ba, har ina ganin girma ne. Amma ran nan da ta wuce ni a baranda kamar ta wuce turke, ta shiga ta rungume kan autanta tana salati, sai abin ya dame ni. Na koma na zauna a kan benci da takalmin a cinyata.

An ɗauki hoton ƙafar, aka kuma yanke shawarar a kai shi gida a kira mai ɗori. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin zaure, inda iska ke shiga. Mai ɗori ya zo ya ja ƙafar, ya jera karare ya ɗaure, ya yi tofi, ya ce zai riƙa zagayowa. Daga ranar gidanmu ya zama kasuwa. 'Yan dubiya daga Damri, daga Mafara, daga Maradun, har waɗanda muka tafi yi wa ta'aziyya sai da suka zo. Kowa da abin hannunsa, wannan fura da nono, wancan ƙwai, wani lemo, wani madara. Inna kuwa duk bayan kwana biyu sai ta sa an yanka kaza an yi masa farfesu, ta zuba a langa ta rufe da faifai ta kai masa da kanta, wai ƙashi yana son romo.

Sai kuma hoton. Baƙar leda ce mai santsi, a ƙarƙashin matashinsa take. Duk wanda ya zo sai an zaro ta an ɗaga ta saitin ƙofa, ga ƙashi nan fari ya rabu, kowa ya kama baki ya ce subhanallahi. Wallahi na tsani ledar nan, na kuma yi sha'awarta. Babu mai gardama da ita.

To, wa ke shimfiɗa tabarmi? Wa ke karɓar kwanuka, ya kawo ruwa, ya raka baƙi bakin titi cikin rana? Ni, mai lafiya. Ni ake tambaya, "Ya mai jiki?" in ce da sauƙi. Masu kirki a cikinsu sukan ƙara da cewa, "Kai kam Allah ya tsare ka," in ce alhamdu lillahi. A lokacin kuwa kaina kamar an sa mini hular da ta yi mini kaɗan an hana ni cirewa. In mutum uku suka yi magana tare sai in rasa ta wa zan bi. Hasken rana yana sukar idona. In na yi ruku'u sai ƙasa ta juya, in na ɗago kuma in rasa raka'a ta nawa nake. Amma an tambaye ka jiki ka ce babu sauƙi? Ban taɓa jin wanda ya faɗi haka ba, ko wanda ke gargara da sauƙi yake cewa.

Bayan mako guda na koma shago, a zatona aiki zai wartsakar da ni. Ƙarar keken ɗinkin da na yi shekaru ina ji kamar numfashina sai ta koma guduma. In maƙwabta suka tada janareta sai in fita in tsaya bayan shaguna ina riƙe da kai. Zare ya ƙi shiga allura. Barci yakan kwashe ni da hantsi a kan tulin yadi. Ga saurin fushi da ban san ina da shi ba. Wata rana na daka wa matata tsawa don kawai ludayi ya faɗi a kan kwano, ta tsaya tana kallona kamar baƙo ya shigo mata gida.

Kowa da fassararsa. Mai kemis ya ce maleriya ce, da ba ta tafi ba ya ce taifot. Matata ta ce wurin da muka faɗi ba a rasa iska, ta karɓo rubutu da hayaƙi, na sha na turara don a zauna lafiya. Ba wanda ya haɗa abin da faɗuwar, ni ma ban nace ba, domin duk sanda na fara cewa tun ranar hatsarin nan, sai a ce, "Ai kai ba ka ji ciwo ba." Ƙanena kuwa a lokacin ya yi ƙiba, ya yi fari, yana kwance yana sauraron rediyo ana yi masa fifita. Ina son yaron nan, ni na koya masa hawan keke. Amma in na dawo daga shago na ji ƙamshin farfesu daga zaure, sai in ji kamar in juya in koma.

Azumi ya kama, ɗinkin Sallah ya taru. Akwai wani alhaji mai sayar da hatsi a Damri, ya fi shekara goma ni ke masa ɗinki. Ya aiko da farar shadda mai tsada a hannun direba kamar yadda ya saba. Na shimfiɗa ta, na ɗauki almakashi, na nemi awonsa a kaina, ya kuwa zo mini tsaf, ban yi shakka ko kaɗan ba. Na yanka, na ɗinka, aka yi mata aiki a wuya, aka goge. Ana jibi Sallah ya zo da kansa ya gwada a shago. Alhajin nan dogo ne, mai faɗin kafaɗa. Hannun rigar ya tsaya kusa da gwiwar hannunsa, wuyan ya ƙi rufuwa. Ashe awon wani malamin makaranta na yanka masa, ɗan gajere siriri.

Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya cire rigar a hankali, ya ninke, ya aje a kan keke.

"Malam," ya ce, "in abin da yaran zamani ke sha ka hwara sha, ka bari. Kai ba yaro ba ne."

Ya ɗauki ragowar yadinsa ya shiga shagon maƙwabcina, mai rubutu a bango. Kafin a sauko daga Idi magana ta zaga layin teloli, ta hau mota ta riga ni isa Bakura. Wai tela ya fara shan ƙwaya, shi ya sa yake barci da rana, idonsa kullum a lumshe. Na ɓata wasu ɗinkunan biyu bayan wannan, masu kawo mini aiki suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Sallah da yamma muna tsakar gida, Inna ta dubi matata ta ce, "Ki ce ma wancan ya ji tsoron Allah. Ɗan'uwanshi na kwance, shi da Allah ya bar ma lahiya shina wasa da ita." Ina zaune tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Na tashi na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ban yi kuka ranar hatsari ba, amma ran nan na yi.

Bayan Sallah na koma asibiti da kaina, na dace da wani likita matashi mai haƙurin sauraro. Na zayyana masa komai. Ya tambaye ni ko na suma ranar da muka faɗi. Wannan karon na ce ban sani ba, akwai dai wani lokaci da ya ɓace mini, daga gonar shinkafa zuwa barandar asibiti. Ya aje biro. Ya ce mai yiwuwa ƙwaƙwalwata ce ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, kuma da an gane tun farko da an hana ni aiki da hayaniya na wani lokaci. Ya ce su ba su da na'urar hoton kai, sai Sakkwato.

Na tafi Sakkwato da murna, abin kunya. Da aka tura ni cikin na'urar, mutane na addu'ar kada a ga komai, ni ina roƙon Allah a ga wani abu, ko 'yar tsaga ce kamar ta bakin kwano. Har na gama tsara yadda zan shiga zaure in ɗaga tawa ledar saitin ƙofa. Likitan can ya duba ya ce alhamdu lillahi, babu jini, babu tsaga, kai lafiya lau. Da ya ga fuskata sai ya ƙara da cewa irin wannan ciwon sau da yawa ba ya fita a hoto, amma ba yana nufin babu shi ba ne. Na ce to mene ne magani? Ya ce hutu, da rage hayaniya, da komawa aiki kaɗan-kaɗan. Na ce babu wani abu irin gashin ƙashi, kamar yadda ake yi wa ƙafa? Ya yi murmushi, ya ce akwai masu koya wa mutum yadda zai lallaɓa tunaninsa ya dawo, amma ba su da yawa, kuma a wajenmu dai bai san ko ɗaya ba.

Na dawo da leda mai cewa lafiyata lau. Wa zan nuna wa? Shaida ce a kaina. Na tura ta ƙarƙashin katifa, ban ce wa kowa na je ba sai matata.

Shi kuwa auta, an kwance karare, ya koma zuwa gashin ƙashi Mafara duk mako. An gaya masa taku nawa zai yi yau, nawa zai yi gobe, yaushe zai yar da sanda. Ranar da ya taka zuwa masallaci da ƙafarsa sai da aka tsaya ana yi masa barka a bakin ƙofa, Inna ta yi sadakar waina. Na tsaya a baya ina kallo, ina cewa a raina ƙafa dai ta more. Tana da mai ɗori, tana da mai gashi, tana da sanda, har da ranar da za a ce ta warke. Ni ko wanda zai gaya mini ina gaba ne ko baya ban samu ba.

Na fara rubuta awo da alli a bayan yadi, a ɓoye. Da hakan bai isa ba na koma bango. Ranar da maƙwabcina ya leƙo ya ga rubutun, na shirya jin tsokana, sai ya kawar da kai bai ce komai ba. Shirun nan ya fi tsokanar ciwo.

Wajen shekara guda da hatsarin, wata ranar kasuwa, ƙanena ya shigo shago da yadin wando. Ƙafar da ta karye ta ɗan gajarce, wandunansa duk suna jan ƙasa ta gefe ɗaya, yana so a yanka masa daidai. Na durƙusa na auna. Girman kai ya hana ni rubutawa a gabansa. Na juya in ɗauki almakashi, awon ya gudu. Na sake aunawa kamar ina tabbatarwa, na miƙe, ya sake gudu. Da na durƙusa karo na uku sai ya riƙe tef ɗin.

"Yaya, haka kay yi ranar."

"Wace rana?"

"Ranar da munka hwaɗi. Ka daɗe kwance ba ka motsi, ina ta kiranka, har na hwara yi maka salati, na ɗauka ka tahi. Da ka tashi sai ka ce mani ina za mu. Na ce Maradun. Ka sake tambaya. Sau huɗu ko biyat kana tambayata ina za mu, kana riƙe da takalmina."

Na saki tef ɗin. Na miƙe tsaye.

"Shekara guda kana da wagga magana a bakinka? Don mi ba ka hwaɗi ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kowa ƙahwata yake tambaya. Kai kuma kullum in an ce ya jiki, ka ce da sauƙi. Na ɗauka ya wuce."

A nan na fashe. Na gaya masa komai, ciwon kan, da alhajin Damri, da Sakkwato, da ledar da ke ƙarƙashin katifa. Na gaya masa ya cinye kajin gidanmu kaf ina shimfiɗa wa baƙinsa tabarma, na ce ko romo bai taɓa cewa a rage mini ba. Ya fara dariya, ya ga ba wasa nake ba, ya daina. Ya zauna a kan benci yana kallon rubutun da ke bango. Da zai tafi ya ɗauki alli da kansa ya rubuta awon ƙafafunsa biyu a ƙasan na sauran.

Washegari na dawo gida bayan la'asar, kaina yana sarawa kamar kullum. A bakin ƙofar ɗakina na ga langa an rufe ta da faifai. Na san langar, na san faifan, na kuma san ƙamshin tun kafin in buɗe. Inna tana tsaye a tsakar gida ta ba ni baya, tana gyara igiyar shanya da babu abin da ya same ta. Matata na gefe tana tankaɗe.

"Ki tambayi wancan," in ji Inna, "ya kan nashi?"

Da sauƙi ta riga ta zo bakina, har na buɗe leɓe. Na haɗiye ta.

"Ki ce mata babu sauƙi," na ce wa matata. "Tun ranar yake ciwo."

Matata ba ta isar da saƙon ba, ba ta ma ɗago ba. Inna ta daɗe riƙe da igiyar. Ba ta juyo ba, amma muryarta ta canja, kuma ba da matata take ba.

"Sannu," ta ce. "Sannu, ka ji."

Ta shige ɗakinta da sauri. A iya sanina wannan ce maganar farko da ta taɓa yi mini kai tsaye, ba ta kuma sake ba. Kan bai warke don an ce masa sannu ba, har yau in kasuwa ta cika sai na rufe shago na ɗan kwanta, kuma alhajin Damri bai dawo ba.

Na zauna a bakin ƙofa na buɗe langar. Kaza ce guda, har da ƙundu da hanta. Ina cikin ci sai ga auta ya leƙo yana ɗingishi, yana murmushi, ya miƙo hannu zai ɗauki cinya. Na janye langar zuwa gabana na ce masa ya yi haƙuri, wannan ta marar lafiya ce.